Furostet daban, mafitsara daban

Darasinmu na yau ya ɗan leƙa ɗakin likita, amma dai maganar harshe ce. Kalma ɗaya za mu ɗauka, wadda Bature ke rubutawa "prostate", mu ga me take nufi, daga ina ta fito, da yadda ya kamata ta zauna a bakin Bahaushe.

A watan Janairun 2024 an kwantar da Sarki Charles na Ingila a wani asibiti a Landan, aka yi masa aiki saboda wannan sashe na jikinsa ya ƙara girma. To, mai karatu, in kai ne za ka ba wani dattijo a Gummi wannan labari, me za ka ce ya sami Sarkin? Mafi yawanmu cewa za mu yi "ciwon mafitsara". Haka kuma in Bature ya ambaci dajin da ke kama wurin, sai mu ce "dajin mafitsara" ko "sankarar mafitsara". Bakinmu ya saba da hakan har ba ma jin komai. Amma fa kuskure ne, kuma irin kuskuren nan ne da ba ya tsayawa a takarda, yana bin mutum har asibiti.

MU FARA DA TAMU: MAFITSARA

Mafitsara kalma ce da ta bayyana kanta da kanta. In ka feɗe ta, gida uku za ka samu: ɗafa-goshin "ma", da saiwar "fitsar", da ɗafa-ƙeyar "a". Fitsari muke magana a nan, ba fitsara ta rashin kunya ba.

Wannan "ma" ɗin aiki uku yake yi a Hausa. Yana samar da sunan mai aiki: manomi, maƙeri, marini. Yana samar da sunan kayan aiki: mabuɗi, magirbi, masassabi. Yana kuma samar da sunan wuri: maƙera, marina, majema, makaranta. Wani lokaci ma karin sauti kaɗai ke raba su. Ka furta "ma'auni" da sautin sama tun daga farko har ƙarshe, ka ambaci abin da ake awo da shi. Ka sauke muryarka a gaɓar tsakiya, ka ambaci mutumin da ke yin awon.

Mafitsara tana cikin rukuni na uku. Yadda marina take wurin rini, mahaifa take wurin da ɗa ke zama kafin haihuwa, haka mafitsara take wurin da fitsari ke taruwa. Jaka ce ta tsoka mai miƙewa, ƙoda biyu na tsiyayo mata fitsari, ta riƙe kusan cikin ledar ruwa guda kafin ta matsa maka ka kewaya. A Gummi da Anka da Bukkuyum, inda ake cewa hita da hili da hura, "hitsari" da "mahitsara" za ka ji. Kalmar ɗaya ce, karin harshe ne ya bambanta.

Ka riƙe wannan da kyau: namiji na da mafitsara, mace ma na da ita.

TO MENE NE FUROSTET?

Wani ɗan curin nama ne da namiji kaɗai ke da shi. A jikin matashi girmansa bai wuce na ƙwayar goro ba, nauyinsa kamar giram 20. Yana nan ƙarƙashin mafitsara, daidai bakinta, ta gaban hanjin da ke kai wa dubura. Bututun da ke fitar da fitsari waje ta tsakiyarsa ya ratsa, kamar zare a cikin dutsen ado.

Aikinsa ba tara fitsari ba ne. Ruwa yake samarwa, fari-fari, wanda ke haɗuwa da maniyyi ya taimaka wa ƙwayoyin haihuwa su rayu su yi tafiya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan maniyyi daga gare shi yake. Su kuwa ƙwayoyin haihuwar, a 'ya'yan maraina ake yin su, can wani wuri daban. Wanda ya yi karatun Ahalari ko Risala ya san maniyyi da maziyyi da wadiyyi. Wannan na ukun, farin ruwa mai kauri da kan biyo bayan bawali, likitoci da dama suna danganta shi da furostet. Wato mun daɗe da sanin ruwan da sunansa, mafitarsa ce ba mu raɗa wa suna ba.

Ka ga ke nan maƙwabtaka ce tsakanin mafitsara da furostet. Maƙwabcinka kuwa, komai kusancinku, sunansa daban, gidansa daban.

ASALIN KALMAR

Kalmar daga Girkanci ta fito: "prostates". Ita ma gida uku gare ta, kamar tamu. "Pro" na nufin gaba. "Sta" na nufin tsayawa. "Tes" kuwa ɗafa-ƙeya ne mai samar da sunan mai aiki, wato aikin da "ma" ke yi a manomi da maƙeri, sai dai su Girkawa a ƙeya suke liƙa shi, mu a goshi. In ka haɗa su, ka sami "mai tsayawa a gaba".

Saiwar "sta" ɗin nan ba baƙuwarka ba ce. Danginta ne ke cikin kalmar Ingilishi "station", wadda Bahaushe ya ara ya mayar "tasha", wato inda mota ke tsayawa. Danginta ne kuma a ƙarshen Pakistan da Afganistan. Duk ranar da ka ce za ka tashar Gummi, ka furta 'yar'uwar furostet ba ka sani ba.

Amma ga wani abin mamaki. A wurin Girkawan dā, "prostates" ba sashen jiki ba ne, mutum ne: shugaba, majiɓinci, mai kare wani. A birnin Atina, baƙon da ya zo ya zauna sai ya sami ɗan gari da zai zama "prostates" ɗinsa, ya tsaya masa a gaban hukuma. Kamar dai fataken da ke sauka kasuwar Jega a dā, kowa da mai masaukinsa da ke tsaya masa. Ka lura Hausa ma da "tsayawa" take faɗin wannan ma'ana: "wa ya tsaya masa?" Haka "jagaba", daga ja da gaba.

To ta yaya mai tsaya wa baƙo ya koma cikin mara? Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi wani likita Bagirke a Iskandariyya ta Masar mai suna Herofilus, yana cikin na farko da suka feɗe gawar ɗan Adam don nazari. Ya kira wasu halittu da ya gani a wannan yanki "parastatai", wato masu tsayawa a gefe, mataimaka. "Para" gefe ne, "pro" gaba ne. Littattafansa sun ɓace, ta bakin Jalinusu, babban likitan nan da Larabawa suka fassara ayyukansa, maganar ta iso ga na baya.

Sai a 1536 wani likitan birnin Banis na Italiya, Niccolò Massa, ya yi bayanin wannan halitta a littafinsa. A 1538 Andreas Vesalius ya zana ta. A 1600 kuma likitan Faransa André du Laurens ya kira ta "prostatae", da sigar jam'i, domin a lokacin ana zaton biyu ce. Masu binciken tarihin likitanci sun nuna cewa a wannan tsakanin ne "para" ta rikiɗe ta zama "pro", mai tsayawa a gefe ya koma mai tsayawa a gaba. Sunan ya zauna domin ya dace: in ka biyo hanyar fitsari daga waje zuwa ciki, da furostet za ka fara cin karo kafin ka isa mafitsara, kamar dogari a ƙofar fada. Ingilishi ya karɓi kalmar a ƙarni na 17.

Ka ga sunan da kansa yana ba da shaida. Wanda ke tsaye a gaban mafitsara ba zai zama shi ne mafitsarar ba.

Ga masu rubutu da Ingilishi kuma, a kula da "prostrate" mai "r" biyu. Wannan daga Latin take, ma'anarta faɗuwa rub da ciki, kamar mai gaisuwa a gaban sarki. Ba ta da haɗi da tamu, amma sau da yawa za ka gan ta a allunan masu sayar da magani.

ME YA SA BA MU DA SUNAN DA KOWA YA SANI?

Ka je mahautar Gummi ranar kasuwa, za a lissafa maka hanta, huhu, zuciya, saifa, ƙoda, tumbi, hanji, maɗaciya. Abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa, a sa a tukunya ko a jefar, shi ke samun suna. Furostet ƙarami ne, a ɓoye yake can cikin ƙugu, ba ya cikin kayan da ake kasawa a faifai. Shi ya sa babu wani suna guda nasa da ya yaɗu a bakin jama'a yadda hanta da ƙoda suka yaɗu. Wannan ba gazawar Hausa ba ce. Turawan ma, kamar yadda ka gani, sai ƙarni na 16 suka yi masa bayani, sunan kuma aro suka yi.

Sauran harsuna hanya biyu suka bi. Wasu sun ari kalmar suka gyara ta daidai bakinsu. Larabci ba shi da "p", sai ya ce "burustata". Wasu kuma sun fassara ma'anar. Jamusawa suna da "Vorsteherdrüse", inda "vor" ke nufin gaba, "steher" mai tsayawa. Japanawa ma da haruffa masu ma'anar gaba da tsayawa suke rubuta sunansa. Mu kuwa sai muka bi hanya ta uku, muka ɗauki sunan maƙwabci muka ba shi.

INDA KUSKUREN KE CIWO

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai an gane. Ba a gane ba, kuma a ƙasarmu ta yammacin Zamfara abin ya fi nauyi.

Akwai dajin mafitsara na gaskiya, wanda ke kama ita jakar fitsarin. Yana kama maza, yana kama mata. Cikin abubuwan da ke jawo shi akwai shan taba, akwai kuma tsargiya da ta daɗe ba a yi magani ba. Tsargiya kuwa duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka ya san ta: yaro ya yi wanka a gulbi ko fadama, wata 'yar tsutsa da ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fatarsa, daga baya ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara, ya fara fitsarin jini. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun daɗe suna ba da rahoton cewa dajin mafitsara na cikin waɗanda suka fi kama mazan wannan yanki, suna kuma danganta shi da tsargiya. Babbar alamarsa jini a fitsari.

Akwai kuma dajin furostet. Maza kaɗai yake kamawa, galibi bayan shekara 50, kuma shi ne dajin da ya fi yawa a tsakanin mazan Nijeriya. Baƙar fata sun fi shiga haɗarinsa, haka wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi shi. Da farko sau da yawa ba ya nuna wata alama.

Cuta biyu, sanadi daban, gwaji daban, magani daban, amma mun ba su suna ɗaya. Duba abin da ke biyo baya. In mai shela ya ce "dajin mafitsara maza kaɗai yake kamawa", matar da ke ganin jini a fitsarinta za ta ce ba da ita ake ba. In likita a Gusau ya tambayi mutum ko akwai mai ciwon furostet a danginsu, shi kuma abin da ya sani shi ne "mafitsara" ce ta kashe babansu, ba shi ba likitan ba wanda ya san wanne ake nufi. In dattijo ya ji an ce a je a yi gwajin "mafitsara", zai ce ai shi bai taɓa fitsarin jini ba, ya yi zamansa.

Ga kuma kunya da ta ƙara lulluɓe abin. Dattijo ba zai ce wa ɗansa fitsari na ba shi wuya ba. Zai ce "bawali ne ke ɗan damuna", ko "sanyi ne", ko "basir ne". Kunya adonmu ce, amma in sunan ainihi babu shi, sakayawa ta haɗu da rashin suna, sai magana ta ɓace gaba ɗaya.

Sauran sunayen da ake laƙaba masa su ma ba su dace ba. Maraina wurinsu daban, dajinsu daban, shi ya fi kama matasa. Mara yanki ne na ƙasan ciki, ba halitta guda ba. Kaluluwa kuwa kullutun nan ne da ke fitowa a matsematsi ko hammata in mutum ya ji ciwo.

TO YAYA ZA MU RUBUTA?

Shawarar da ta fi sauƙi ita ce a ari kalmar, a yi mata kwaskwarimar da Hausa ke yi wa kowace baƙuwa.

Na farko, "p" takan koma "f": fensir, fasinja, faranti. Na biyu, Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakani: burodi, direba, firamare, furodusa. In ka bi waɗannan ƙa'idoji biyu, ka sami fu-ros-tet, gaɓa uku. Bazamfare kuwa, da ke cewa hura da hwata, "hurostet" zai ce, kuma bai yi laifi ba. A rubutu ne za mu tsaya kan Daidaitacciyar Hausa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da suka ji kalmar ta bakin Faransanci, ƙarshenta zai fi kusa da "tat" a wurinsu.

Tsofaffin kalmomin aro masu ƙarewa da "t" sun sami "i" a ƙeya: tikiti, minti, siminti. Sababbi kamar intanet sun tsaya yadda suke. In wata rana ka ji an ce "furosteti", ka san kalmar ta zama 'yar gida ke nan.

Jinsi fa? Kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi galibi maza ne, kuma da "ɗin" ake haɗa su da abin da ke biye: kwas ɗinsa, cek ɗinsa. Saboda haka: furostet ɗinsa ya girma. Mafitsara kuwa mace ce: mafitsararsa ta cika. Ka ga ko nahawu bai yarda a haɗa su ba.

Wani zai tambaya, me zai hana mu fassara ma'anar kamar Jamusawa, mu ce "tsaya-gaba", a kan tsarin faɗa-wuta da hana-salla? Tsarin daidai ne, amma ka tuna abin da "gaba" ke nufi a bakin Bahaushe in ana maganar jikin namiji. Kunne zai tafi wani wuri daban, mai shela ya sha kunya a gaban surukai. Wannan darasi ne ga duk mai fassara: kalma na iya yin daidai a ƙamus ta yi ɓarna a kunne. In ƙirƙira za a yi, irin su "goron mafitsara" ko "dogarin mafitsara" sun fi aminci, domin sun nuna kusancin, sun kuma nuna ba ita ba ce. Sai dai ƙirƙirarriyar kalma ba ta rayuwa sai jama'a sun karɓa. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma kwamfuta ta fi yawa a baki. Kafin wata ta karɓu, a rubuta furostet, a karon farko a ƙara ɗan bayani: "furostet, ɗan curin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji".

A kuma raba cututtukansa uku, kada a tara su duka a "kumburi":

Ƙaruwar girman furostet. Wannan na shekaru ne, ba daji ba ne. Kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 zuwa 60 suna da shi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa yakan kai tara cikin goma. Shi aka yi wa Sarki Charles aiki a kai.

Kumburin furostet. Wannan kan zo da zafi, wani lokaci da zazzaɓi, a wasu lokuta ƙwayoyin cuta ne sanadi, kuma yana kama har matasa.

Dajin furostet, ko sankarar furostet.

Ga misalin gyara:

A maimakon "An yi masa aikin mafitsara", in furostet aka taɓa, a ce "An yi masa aikin furostet."

A maimakon "Mafitsararsa ta kumbura ta toshe fitsari", a ce "Furostet ɗinsa ya girma ya matse hanyar fitsari."

A maimakon "Dajin mafitsara na maza ne", a ce "Dajin furostet na maza ne, dajin mafitsara kuwa na kowa ne."

Jimla ta biyu ta nuna inda ruɗanin ya samo asali. Tunda hanyar fitsari ta cikin furostet ta bi, in ya girma sai ya matse ta, kamar an taka tiyo. Fitsari ya riƙa fita da ƙyar, siriri, ana yi ana yankewa, a tashi sau uku sau huɗu cikin dare, a gama a ji kamar da saura, ɗigo ya ɓata wando bayan an yi tsarki. Wani lokaci ya tsaya cik, sai an sa roba a asibiti. Mafitsara ke shan wahala, shi ya sa ake kama sunanta, amma mai laifin na bakin ƙofa.

Duk wanda ya ga waɗannan alamu, ko ya ga jini a fitsari, namiji ne ko mace, ya je asibiti, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Namijin da ya kai shekara 45 kuwa, ko ba ya jin komai, yana da kyau ya tambayi likita game da gwajin jinin da ake kira PSA. Daga Babban Asibitin Gummi ana iya tura mutum Gusau ko Sakkwato in abin ya buƙaci haka. Kai kuma da ka karanta wannan, in ka raka baba ko kawu, ka tambayi likita a fili: mafitsara ce ko furostet? Ka riƙe amsar, domin wata rana kai ko ƙanenka za a tambaya.

Saura naku, musamman mutanen Gummi da Anka da Bukkuyum: ku tambayi mahauta da wanzamai da dattawan unguwa, in akwai sunan da suke kiran wannan halitta da shi a jikin mutum ko na dabba, ku kawo mana shi tare da garin da kuka ji shi. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.